Na'urar Ji Ta Dashe: Kunne Ya Buɗe, Saura Ƙwaƙwalwa



Duk mai riƙe da babbar waya, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Jariri ne a cinyar uwarsa a wani asibiti, an manna masa ɗan faifai a gefen kai, ma'aikaciya ta danna kwamfuta, uwa ta kira sunansa, sai ya zaro ido ya waiwaya. Uwa ta fashe da kuka, a ƙasa an rubuta wai yau ya fara jin muryar mahaifiyarsa. Bidiyon gaskiya ne, rubutun ne ke da gyara. Abin da ya shiga kan yaron nan a ranar wani baƙon ƙara ne da bai san inda zai ajiye shi ba. Yara da yawa ihu suke tsalawa don tsoro, wasu ko gezau, sai dai irin nasu bidiyon ba a yaɗa shi. Kafin baƙon ƙaran nan ya zama muryar Inna, akwai aikin watanni, wani sa'in shekaru. Wannan aikin shi ne zancenmu na yau: me mutumin da aka dasa wa na'urar ji yake ji, nawa yake ganewa daga maganar mutane, kuma me ya sa wani ke hira ta waya da ita, wani kuwa ko sunansa sai ya kalli bakin mai kira.

Bari mu leƙa kunnen lafiyayye tukuna. Sauti ya shigo ya bugi dodon kunne, wasu 'yan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa can ciki, inda wani bututu ke nannaɗe a cikin ƙashi. Katantanwar kunne ke nan. Da za a warware ta, tsawonta bai wuce santimita 3 da rabi ba. Cike take da ruwa, kuma a jere cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi a ka. Kimanin 3,500 daga cikinsu ne ke juya girgiza ta koma saƙon lantarki, su miƙa wa jijiyar ji mai zare wajen 30,000, ita kuma ta kai wa ƙwaƙwalwa. Kowane wuri a katantanwar da sautin da yake amsawa. Bakin shiga na siraran sautuka ne, irin su "s" da "sh" da kukan tsuntsu. Can ƙurya kuma na kakkaura ne, irin rugugin hadari. A kan gano yadda girgiza ke tafiya cikin wannan bututu Georg von Békésy ya samu kyautar Nobel a 1961.

Yawancin kurumta mai tsanani daga mutuwar ƙwayoyin nan masu gashi take, kuma a jikin ɗan Adam in sun mutu ba sa sake tofowa. Na'urar ƙara ji da aka saba gani, wadda ake saƙalawa a kunne, ƙarfin sauti kawai take ɗagawa, don haka in masu karɓar saƙon sun ƙare, komai ƙarfin da ta ƙara a banza. Ita na'urar dashe tsallake su take yi ta tafi wurin jijiya kai tsaye. Kashi biyu ce. Na waje yana bayan kunne, ɗauke da makirufo da batir da 'yar kwamfuta mai rarraba sauti, sai ɗan faifai da maganaɗisu ke riƙewa a jikin kai. Na ciki likita ne ke binne shi ƙarƙashin fata, ya zura wata siririyar waya cikin katantanwar. A jikin wayar akwai bakunan lantarki a jere, 12 a na kamfanin MED-EL, 16 a na Advanced Bionics, 22 a na Cochlear. Kowane baki yana tsikarar sashen jijiyar da ke kusa da shi.

To, a lura da lissafin. Allah ya yi mana masu karɓar saƙo 3,500, injiniya ya zo da 22. Shi ya sa a shekarun 1960 da 1970 manyan masana ji da dama suka ce abin ba zai taɓa kai mutum ga gane magana ba, kuma a takarda su ke da gaskiya. Tun wajen 1800 Alessandro Volta, Ba'italiyen da ya ƙirƙiro batir, ya soka ƙarafa a kunnuwansa biyu ya haɗa da lantarki. Kansa ya girgiza, ya ji wani ƙara da ya kwatanta da tafasar miya mai kauri, bai kuma sake gwadawa ba. A 1957 a birnin Paris, André Djourno da Charles Eyriès suka ɗora waya a kan jijiyar jin wani kurma. Mutumin ya ji abu kamar kukan gyare, daga baya ya riƙa tsintar 'yan kalmomi ƙalilan. William House a Los Angeles ya fara dashe a 1961, ya dage shekara da shekaru da na'ura mai baki ɗaya tak, wadda ke taimaka wa mutum ya san ana magana kuma ya karanci leɓe, amma ba ta kai shi ga hira ido rufe. Masu bakuna da yawa sun zo ne a 1977 a Vienna ta ƙasar Ostiriya, aikin Ingeborg da Erwin Hochmair, da kuma 1978 a Melbourne ta Ostireliya, aikin Graeme Clark, wanda kurumtar mahaifinsa ce ta ja shi ga wannan fanni. Sai a 1991 Blake Wilson da abokan aikinsa a Amurka suka fito da wata dabara da ta ɗaga sakamako sosai: maimakon bakunan su saki lantarki gaba ɗaya su rikita juna, sai su riƙa yi bi da bi da matuƙar sauri, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Clark da Ingeborg Hochmair da Wilson sun raba kyautar Lasker a 2013, kuma zuwa 2022 an ƙiyasta cewa na'urorin da aka dasa a duniya sun kai miliyan 1.

Me ya sa masu cewa ba zai yiwu ba suka sha ƙasa? Sun auna kunne, sun manta da ƙwaƙwalwa. A 1995 Robert Shannon da abokansa a Los Angeles suka yi wani gwaji da ya nuna haka ƙarara. Suka ɗauki maganar Ingilishi suka tatse ta, suka zubar da kusan komai, suka bar tashi da saukar ƙarfin sauti kawai a cikin layuka huɗu na shuu. Masu lafiyayyen kunne da aka kunna wa suka gane mafi yawan jimlolin. Ashe magana na ɗauke da alamomi fiye da buƙata, kuma ƙwaƙwalwar da ta san harshe gwana ce wajen cike gurbi. Ga wani abin kuma: ruwan da ke cikin katantanwa mai gishiri ne, lantarki na bazuwa a cikinsa, bakin da ke nan ya taɓo jijiyar maƙwabcinsa. Bincike a 2001 ya nuna cewa masu na'urar ba su cika ƙaruwa da komai ba bayan baki 7 ko 8, ko da 22 aka dasa musu. Don haka duk wanda ya ce maka na'urarsa ta fi ta wani saboda yawan bakuna, tallar kaya yake yi.

Tiyatar kanta ba ta cika wuce awa biyu zuwa uku ba. Akan jira mako biyu zuwa huɗu kafin a kunna. Ranar kunnawa mutum yana zaune gaban masanin ji, an haɗa faifansa da kwamfuta. Masanin zai aika ɗan lantarki ta baki na farko, ƙasa-ƙasa, yana ƙarawa, har mutumin ya ɗaga hannu alamar ya ji wani abu. A rubuta. A ci gaba da ƙarawa har ya nuna ya isa haka, gaba zai dame shi. A rubuta. Sai baki na biyu, na uku, har a gama. Tazarar da ke tsakanin "na fara ji" da "ya yi yawa" 'yar mitsitsiya ce in an gwada da ta lafiyayyen kunne, kuma cikinta za a cusa komai, daga raɗa har ƙarar babbar mota. Daga nan masanin ya buɗe makirufo ya ce wani abu. Manya da suka taɓa ji kafin su kurumce sukan ce muryoyi sun koma na 'yan tsanan talabijin, ko na inji, ko kuma fito da ƙararrawa zalla. Akwai dalili. Wayar ba ta kaiwa can ƙuryar katantanwa, saboda haka kakkauran sauti yana sauka a wurin da ƙwaƙwalwa ta sani na siriri ne, sai muryar maigida ta fito a tsuke. Sannu a hankali ƙwaƙwalwa ke sake jera kayanta. Mafi yawan ci gaban yakan zo cikin wata uku zuwa shida na farko, ya ci gaba a hankali har shekara ko fiye, kuma a tsawon lokacin ana ta komawa asibiti ana sake saiti.

Sakamakon fa? Ana auna shi ne a wani ɗaki mai kaurin bango da ba ya shigar da ƙara. A zaunar da mutum gaban lasifika, ba ya ganin bakin kowa, a kunna magana ya maimaita. Babban mutum da ya kurumce bayan ya iya magana, a matsakaici yakan kama wajen kashi 80 cikin 100 na kalmomin da ke cikin jimla. In aka ba shi kalmomi ɗai-ɗai masu gaɓa guda, ba na gaba ba na baya, sai ya sauko kashi 50 zuwa 60. Wannan rata ta tsakanin jimla da kalma ita ce gudummawar ƙwaƙwalwa: ta ji rabi, ta san harshen, ta ƙarasa. Malala Yousafzai, wadda harsashi ya lalata wa kunnen hagu a 2012, an dasa mata na'urar a Birmingham a watan Fabrairun 2013, kuma tana cikin irin waɗanda suka zo da harshensu a ka tun kafin dashen.

Amma matsakaici yana ɓoye abubuwa. Cikin ɗaki guda za ka samu wanda ya ci kusan duka da wanda bai ci ko kashi 10 ba, na'ura iri ɗaya, likita ɗaya. Peter Blamey da abokan aikinsa sun tattara bayanan manya 2,251 daga asibitoci 15 suka buga a 2013. Tsawon shekarun da mutum ya yi cikin kurumta kafin dashe yana tasiri, haka shekarunsa, haka abin da ya jawo kurumtar. Sai dai duk an haɗa waɗannan ba su bayyana ko kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin da ke tsakanin mutane ba. Likitan kirki zai ce maka akwai kyakkyawan zato. Wanda ya yi maka rantsuwa cewa za ka ji tangaran, ka riƙe kuɗinka.

Sannan duniya ba ɗakin gwaji ba ce. Mai lafiyayyen kunne yana iya tsintar maganar abokinsa a tsakiyar kasuwa ko gidan biki ko da hayaniyar ta kai muryar ƙarfi, don kunnensa na bin kaifin murya guda ya ware ta daga sauran. Mai na'ura ba shi da wannan ƙugiya. Muryoyi biyu in suka haɗu, cakuɗewa suke yi a bakunan lantarkin, sai murya ta ɗara hayaniya da tazara mai yawa kafin ya gane. Mutumin da ya ci kashi 90 da safe a asibiti zai iya zama shiru a majalisa da yamma yana murmushin yaƙe, ya koma gida a gajiye tilis, domin abin da kai kake ji a ɓagas shi da ƙoƙari yake haɗa shi. Dashe a kunne biyu yana taimakawa, musamman wajen sanin ta ina ƙara ke zuwa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai tsallaka titi. Haka ƙaramin makirufo da malami ke maƙalawa a riga, muryarsa ta tafi kai tsaye cikin na'urar ɗalibi.

Yanzu ga inda zancen ya shigo gidanmu. An ƙera dabarun na'urar nan ne a kan harsuna irin Ingilishi da Jamusanci, waɗanda baƙaƙe da wasula sun wadatar wajen bambance kalma. Abin da na'urar ta fi iyawa shi ne lokaci da ƙarfi: yaushe sauti ya fara, yaushe ya tsaya, ina ya yi tsawo, ina aka buga shi. Abin da ta fi raunana a kai shi ne hawa da saukar murya. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, sama da ƙasa da faɗau. Ka tuna kalangu. Ba shi da baƙi ba shi da wasali, hawa da sauka da tsawo kawai yake kamawa, amma in gwani ya matsa tsirkiya ya saki, mutanen gari sun san wa ake kira da abin da ake ce masa. To ita na'urar nan kishiyar kalangu ce, tana kawo baƙaƙe da wasula da tsawonsu, ta bar karin a baya, ko ta kawo shi dishi-dishi.

Mu gwada da kunne. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo, karinsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya raba su. Wannan aikin lokaci ne, fannin da na'urar ta ƙware. Amma "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, da "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, tsawonsu ɗaya, kari kaɗai ya raba su. Waɗannan ma da sauƙi, don ba wanda zai zaci an kaɗa miya da hawaye. Inda abin ya fi tsauri shi ne nahawu. Ka ce "ya biya" da murya a sama, an gama, kuɗi sun shiga hannu. Ka ce "yâ biya" murya ta faɗo, alkawari ne, mai bashi na nan yana jira. Jimla guda, wuri guda, kuma sau da yawa abin da ke kewaye da ita ba zai ceci mai sauraro ba.

Mutanen Sin sun riga mu shiga wannan matsala, domin Mandarin na da kari huɗu, harshen Kanton shida, kuma an yi dashe da yawa a can. Abin da binciken can ya nuna shi ne, masu na'ura na gane kari fiye da a ce cinke suke yi, amma ƙasa da masu lafiyayyen kunne, da bambanci mai faɗi tsakanin mutum da mutum, kuma da hayaniya ta shigo abin ya ƙara sukurkucewa. An kuma gano cewa suna jingina da wasu alamomi da ke rakiyar kari, irin ƙarfi da tsawon gaɓa. Yaran da aka dasa wa da wuri sun fi kamawa, kuma wanda ya rage da ɗan ji na kakkauran sauti a ɗaya kunnen, in ya sa na'urar ƙara ji a can, kari da kiɗa sukan fi fito masa. Akwai wani abin da ya kamata iyaye mata su sani. Hanyar da na'urar ke bi ta isar da kaifin murya ta saurin bugun lantarki tana raunana da an doshi bugu 300 a daƙiƙa. Muryar namiji babba tana wajen 120, ta mace wajen 200 ko sama, ta ƙananan yara kuwa tana kusa da iyakar. Wato karin muryar da yaro ya fi ji a gida, ta uwarsa da ta 'yan'uwansa, shi ya fi wuyar ratsawa.

Kada wannan ya karya wa kowa gwiwa, don kullum muna karanta Hausar boko da ba a sa mata alamar kari ko tsawon wasali, kuma muna ganewa. Amma a lura da wanda ke ganewar: wanda ya riga ya san Hausa da kunnensa. Dattijon da ya kurumce yana da shekara 50, karin na nan a kansa, na'urar ta ba shi baƙaƙe ya ɗora. Yaron da aka haifa kurma kuwa daga bakunan lantarkin nan zai koyi karin tun daga tushe, ya ji shi sannan ya furta. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a auna Bahaushe da jerin kalmomin Ingilishi a ce ya ci kaza. Gwajin da zai faɗi gaskiya sai an gina shi da Hausa, da kalmomi tagwaye da kari ya raba, da waɗanda tsawon wasali ya raba, da bambancin "b" da "ɓ", "d" da "ɗ", "k" da "ƙ". Wannan aiki ne da malaman sassan Hausa na jami'o'inmu za su iya zama su yi da likitocin kunne, kuma ba ya buƙatar ɗakin tiyata.

Raunin nan na kari shi ke bin mai na'ura har wajen waƙa da ƙira'a. Kiɗa yana kama bugunsa daidai, kalmomi ma yana tsinta, amma zaƙin hawa da saukar murya yakan dusashe. Haka gane fushi ko wasa a muryar mutum, ko tantance wa ke magana a waya.

Mu koma kan yara, don a nan ne lokaci ke yanke hukunci. Sashen ji na ƙwaƙwalwa da sauti yake ginuwa, in bai samu ba sai gani da taɓi su fara cin filinsa. Anu Sharma ta auna yadda ƙwaƙwalwar yara masu dashe ke amsa sauti. Waɗanda aka yi wa kafin shekara 3 da rabi, cikin watanni amsar ta dawo daidai da ta tsaransu masu ji. Waɗanda aka bari har bayan shekara 7, yawancinsu ba ta dawo daidai ba ko bayan shekaru. John Niparko da abokansa sun bi yara 188 masu dashe a Amurka, suka buga a 2010 cewa waɗanda aka yi wa kafin wata 18 su suka fi kusantar masu ji wajen koyon harshe. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi ta sauko da shekarun da ta amince a yi wa yaro dashe: shekara 2 a 1990, wata 12 a 2000, wata 9 a 2020. Ƙa'idar da ake bi a can ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6.

Gwada wannan da yadda muke yi. Yaro ya shekara biyu bai ce komai ba, kaka ta ce nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi. Ya shekara huɗu, a ce a bar wa Allah. Ranar da aka kai shi Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko wani asibitin koyarwa, ya isa shiga firamare. Gwajin jin jariri ba ya ciwo, yana barci ake yi cikin 'yan mintuna. Jaririn da ƙofa ta bugu bai firgita ba, ko ya kai wata shida ba ya waiwayar murya, ko ya fara gwaranci ya daina, a kai shi a duba.

Sai sanƙarau, wanda mu da muke cikin yankinsa, daga Senegal har Habasha, ba sai an ba mu labari ba. Annobar 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai da yawa da suka tashi ba kunne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan sanƙarau katantanwa na iya fara cikewa da ƙashi cikin 'yan makonni. In ta toshe, wayar ba ta shiga duka, sakamako ya ragu. Saboda haka duk wanda ya tashi daga sanƙarau, yaro ko babba, a gwada jinsa cikin wata guda, kada a jira ya murmure tukuna. Ƙyanda, hangum, shawarar jarirai mai tsanani, zazzaɓin Lassa, da allurai irin jentamaisin in an yi su barkatai, duk suna cin kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata, kuma kuɗin na'ura guda zai yi wa ɗimbin yara rigakafi.

Akwai masu wata magana da ya kamata a saurara, su ne kurame da kansu. Ƙungiyar kurame ta Amurka ta fito a 1991 ta soki dasa wa yara na'urar, sai a 2000 ta sassauta, tana mai cewa a bar yaro da maganar hannu ko an dasa masa. Hujjarsu ita ce kurma mai harshen hannu ba marar harshe ba ne. Mu ma nan muna da tamu maganar hannu ta Hausa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a 2000. Ni a nan ina bayansu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma wasu masu ba da shawara kan ce a hana yaro alama da hannu don ya dage da kunne. To in na'urar ba ta ba shi abin da aka zata ba fa? Sai a wayi gari yana da shekara shida ba Hausar baki ba ta hannu, kuma wannan asarar ta fi kurumta. Ga shi ko wanda na'urarsa ke aiki lafiya lau, da ya cire ta zai kwanta ko batir ya mutu, kurma ne.

Aikin gida bayan dashe kuwa na uwa ne fiye da na likita. Kowace safiya ta manna faifan, ta tsaya bayan yaron ko ta kare bakinta, ta furta sautuka shidan da Daniel Ling ya tsara: "mm", "uu", "aa", "ii", "sh", "ss", daga mai kauri zuwa siriri. In jiya yana juyowa a "ss" yau bai juyo ba, wani abu ya samu na'urar ko saitin. Sauran yinin kuma surutu ne, tana tuƙa tuwo tana faɗa masa abin da take yi, tana kiran sunan ludayi da murfi, a kashe rediyo da talabijin in ana yi masa magana. Na'urar ta zauna a kansa duk lokacin da idonsa biyu. Yaron da ake sa wa ita ranar zuwa asibiti kawai, sauran kwanaki tana cikin akwati don kada ta lalace, an yi asarar tiyatar.

Ga kuma batun kuɗi. A Amurka, na'ura da tiyata da abin da ke biye sukan haura dala 30,000 a kunne guda. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum miliyan 430 ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, yara miliyan 34 a ciki. Rahoton ya ce cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 78 cikin 100 ba su da likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko guda ga kowane mutum miliyan 1, kashi 93 kuma ba su da masanin ji guda ga miliyan 1. Wannan adadi na biyu ya fi tayar mini da hankali, don likitan tiyata sau ɗaya ake buƙatarsa, masanin ji kuwa har ƙarshen rai. Mai hali zai iya kai ɗansa Indiya ko Masar ko Dubai a yi aiki mai kyau, ya dawo gida ya rasa mai saita na'urar. Ga gumi, ga ƙurar hunturu da ke toshe makirufo, ga batir da ke son caji kullum a unguwar da wuta ke kwana biyu ba ta zo ba, ga na wajen da akan sauya bayan wasu shekaru. 'Yar wayar da ta haɗa faifai da abin bayan kunne ita ta fi saurin tsinkewa a hannun yaro, kuma ranar da ta tsinke ba ya jin komai har sai wata ta iso. Uban da ke shirin sayar da gona saboda wannan aiki, kafin ya tambayi kuɗin tiyata ya fara tambayar nawa ake sayar da wannan 'yar waya, a wane gari, kuma kwana nawa take yi kafin ta zo.